Goruna Shida a Kogin Baruma

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tsaga koguna a cikinta, ya halicci masu ƙarfin zuciya, sannan ya halicci irina. Ku matso kusa, ku da kuka ji ana cewa wata mace ta ratsa garuruwa uku na bakin Kogin Baruma ta dawo da ranta. Ku daina leƙa bayana kuna neman jarumar. Ni ce dai, Marka, wadda ko kwaɗo ya yi tsalle a gindin randa sai ta yi salati.

Karatuna bai wuce abin salla ba. Abin da na ƙware a kai tun ina budurwa shi ne fargaba. Idan yaro ya yi atishawa, kafin ya share hanci ni na riga na ga makara. 'Ya'yana biyar. Huɗu sun yi hankali, sun zauna inda aka binne cibiyarsu. Autan kuwa, Arzika, ya ji labarin wani birni da ake rubutu a kan laka, a gasa, a ajiye wa jikoki, ya ce sai ya je ya koyo. Shekara uku ba shi ba labarinsa.

Rannan wani falke mai gishiri ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce, "Inna, ki yi guɗa! Ɗanki ya zama babba a Birnin Matakala. Kujera aka ba shi a bakin kogi, sarki da talaka kowa bakinsa yake kallo."

Maƙwabta suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ban yi guɗa ba. Yaron da ba a bar masa tsaron shanya, don sai ruwa ya jiƙa shi yake cewa, "Kamar akwai hadari," shi ne mutane masu 'ya'yan kansu za su tsallake kowa su ba kujera?

Na ce, "Wanda ya riga shi a kujerar, ɗan gari ne?"

"Shi ma baƙo ne."

"Yanzu yana ina?"

Falke ya sunkuya yana gyara igiyar jakinsa wadda ba abin da ya same ta.

Kwana biyu na yi ina haɗa kaya. Tukunya biyu, don ɗaya tana iya fashewa. Ƙaramin dutsen niƙa. Maganin maciji, na kunama, na ciwon ciki, da na ciwon da ban san sunansa ba tukuna. Igiya, kakin zuma, muciyata. Sannan, da yake an ambaci kogi, ni kuwa ko a kwatanniya ban iya iyo ba, na sa aka nemo mini manyan goruna irin na masu ƙetare ruwa, guda shida.

Yayana Jatau ya zagaya jakin sau biyu ya ce, "Marka, tafiya ce ko ƙaura? Mutum ɗaya, gora shida?"

"Idan ɗaya ya fashe fa, Yaya?"

"Saura biyar."

"Idan kuma..."

"Tafi. Don Allah tafi."

Kwana arba'in ina bin fatake, har muka iso gindin wasu duwatsu da kawunansu ke cikin gajimare. Daga nan Baruma yake fitowa, siriri kamar igiyar guga. Sunan garin ya fi ƙarfin harshena, ni dai Garin Makoka nake ce masa. Mutanensa sun yi imani cewa a ƙololuwar dutsen akwai wata ƙatuwar mace da ɗanta ya ɓace tun farkon duniya, kuma kogin nan hawayenta ne. Ranar da ta manta da baƙin cikinta, ranar kogi zai ƙafe. Saboda haka suna da ma'aikata na musamman, makoka, waɗanda ke hawa bakin wani kogo a farkon damina suna ba ta labarai masu ban tausayi. Matsalar ita ce duk labaran garin ta riga ta ji su, ta daina kula su. Don haka ba baƙon da zai wuce sai ya zuba mata sabon baƙin ciki.

Aka kai ni gaban shugabarsu, Uwar Makoka, wata tsohuwa mai kumburarrun idanu.

Ta ce, "Baƙuwa, wa ya mutu miki?"

"Bana dai ba kowa, alhamdu lillahi."

Ta ɓata rai. "Gobara fa? Sata? Ko saki?"

"Babu ko ɗaya."

"To, ba inda za ki. Sauke kayanki ki jira wani abu ya same ki."

Na ce, "Iya, ba ni da abin da ya faru. Amma ina da abin da zai iya faruwa."

Ta ce a gwada. Suka haura da ni bakin kogon, na zauna, na fara. Na ce ina da auta a bakin ruwa. Yana iya zamewa. Kada yana iya jan sa. Ƙayar kifi tana iya maƙale masa, ga shi ba ya tauna abinci da kyau tun yana ƙarami. Sanyi yana iya shiga ƙirjinsa, don ba ya rufa. Yana iya auro wadda ba ta san yana ƙin yaji ba, ya yi shiru saboda kunya, ya rame, ya mutu, a binne shi ba wanda ya san sunan ubansa. Shekara uku ina tara waɗannan a ciki, a gida ba mai bari in kai ƙarshen ko ɗaya. Yau ga mutane sun zauna suna saurare, har suna share hawaye.

Tun ranar farko hadari ya haɗo. Rana ta biyu aka tsuge da ruwa kamar an fasa sama. Rana ta uku, ina tsakiyar yadda tsawa za ta iya faɗa masa, sai Uwar Makoka ta rarrafo cikin taɓo ta kama ƙafata.

"Don girman wadda ke sama, ki yi shiru! Kin rushe mana katanga, kin tafi da akuyoyinmu. Shekara hamsin ina wannan aiki ban taɓa sa ta kuka irin wannan ba. Wannan ruwan, nan da kwana goma sha biyu yana Birnin Matakala. Ina tausayin mai kujerar bana."

Na ce, "Wace kujera?"

A nan ta warware mini. A Birnin Matakala, kogin ubangijinsu ne, kuma sun ce ba ya son a yi masa ƙarya. Suna da matakala mai mataki ashirin da ɗaya da ta sauka daga tudu zuwa ruwa, daga ƙasa ake ƙirga ta. Kowace shekara mutum ɗaya yake faɗar matakin da ambaliya za ta tsaya, don a san inda za a yi shuka da inda za a ajiye rumbuna. Idan ya faɗa, sai a kafa masa kujera a kan matakin nan, ya zauna har ruwa ya gama hawa. Idan ruwan ya tsaya a ƙafarsa, a naɗa masa alkyabba. Idan ya wuce, to kogi ya karɓi wanda ya yi masa ƙarya. Ƙafarsa ba ta taka mataki na sama, akwai masu mashi a tsaye.

Ta ce, "Shi ya sa ba sa ba 'ya'yansu."

Jama'a, na san Allah ne yake saukar da ruwa, ba wata mai kuka a kan dutse ba. Na sani sarai, kuma na yi istigfari. Amma duk hanyar gangarowa abu ɗaya zuciyata take faɗa: Marka, kin yi tafiyar kwana arba'in don ki nutsar da ɗanki da bakinki.

Gari na biyu yana inda kogin ya buɗe ya yi faɗi. Daga nan zuwa Birnin Matakala kwana ashirin ne a ƙafa, biyar a jirgi. Na ruga bakin ruwa neman jirgi, aka yi mini kallon mahaukaciya. Su a wurinsu kogi hanya ce ta zuwa lahira. Mai rai yana iya haurawa sama, amma gangarawa ƙasa ta matattu ce kaɗai. Jirgi ɗaya ne ke gangarawa, mai kai gawawwaki wani tsibiri da ke gaba da Birnin Matakala.

Na zauna a ƙofar wata mai wankan gawa ina sharɓar kuka. Ta fito tana goge hannu, ta dube ni, ta dubi gorunana.

"Ɗa ne?"

"Auta."

"Shigo ki kwanta."

Ta naɗe ni da farin ƙyalle ta bar mini 'yar kafa a hanci. Na bar mata jakin. Da yake al'adarsu ce mamaci ya tafi da kayansa, ba wanda ya yi mamakin nawa, sai dai na ji masu ɗauka suna nishi suna cewa, "Wannan ba ta bar wa magada komai ba." Kafin a ɗaga ni ta raɗa mini cewa mai jirgin, Dabbur, an hana shi amsa wa gawa, don wanda ya amsa da shi ake tafiya. "Ke dai ki yi shiru kawai."

Na yi shiru, wallahi na yi. Har hantsi. Sai na ji sanyin ruwa a bayana.

Na ce, "Bawan Allah, jirginka yana yoyo."

Sandar tuƙinsa ta tsaya cak. Bai juyo ba.

"Ta nan ƙarƙashina. Akwai kakin zuma a cikin ƙaramar tukunya. Ba wannan ba, ɗayar."

Ya ɗauko kakin, ya liƙe ramin, bai ce uffan ba. To, ni kuwa tunda aka haife ni ban taɓa samun namijin da zan yi wa magana bai katse ni ba. Kwana biyar na yi ina ba shi shawara ta cikin likkafani. Na ce ya rage matsawa tsakiya. Na ce tarin nan da yake yi ba na banza ba ne. Na ce ya rame, anya matarsa tana ba shi abinci? Sauran gawawwakin uku dai ba su sa baki ba.

Rana ta biyar na ji jirgin ya gogi yashi. Dabbur ya juya mini baya, ya dubi sandarsa ya ce, "Sandata, idan akwai gawar da ta gaji da mutuwa, ga tudu nan."

Birnin Matakala birni ne na gasasshen tubali, gidaje a kan gidaje. Na ratsa kasuwa da goruna shida a ɗaure a baya kamar kunkuru, ina ce wa duk matar da na gani, "Ku ɗauke hatsinku ku hau tudu, ruwa yana tafe, ni na san abin da na yi." Maza suka yi ta dariya. Amma tsoro yana da saurin kamu a wurin mai 'ya'ya. Kafin in kai ƙarshen kasuwar na hango wasu mata sun fara jidar kwanduna.

Ga matakalar nan, tsakanin katanga biyu da suka gangara cikin kogi. Can ƙasa, a mataki na goma sha biyu, a kan wani ɗan gado na kara, wanda shi ne kujerar tasu, ga Arzika ya harɗe ƙafa, da gemunsa sabo. Ruwa yana mataki na tara.

Na ƙwala kira, "Arzika! Ina rigar sanyinka?"

Ya ɗago, ya gan ni, ya rufe fuska da tafin hannu. "Inna? Inna, kowa yana kallo."

"Su kalla! Ruwan nan zai wuce ka!"

"Ba zai wuce ba. Lissafin shekara ɗari biyu na karanta a kan laka. A shekara irin wannan bai taɓa haura sha biyu ba."

"Lakar taka ta san na biya ta Garin Makoka?"

Wani dogo mai aski ƙwal, goshinsa shafe da farar ƙasa, ya matso. Shi ne Sarkin Matakala, babban mai tsafinsu. Ya ce, "Uwar mai kujera, an yarda ki zura masa abinci da igiya. Amma ki sani, duk abin da ya sauka ya zama na kogi. Ba ya hawowa."

Na ce madalla. Na zuba kunu ɗan kaɗan a kowane gora don ya amsa sunan abinci, na liƙe bakunansu da kaki, na zura su ɗaya bayan ɗaya, na bi da igiyata. Na ce wa Arzika ya ɗaure su a ƙarƙashin gadon. Ya jera su gefe kamar kayan talla.

"Inna, idan na ɗaura, na nuna ban yarda da lissafina ba. Shekara uku na yi ina koyonsa. Ki bar ni sau ɗaya in zama na san wani abu."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce, ban taɓa barin sa ba. Na kwana biyu a saman matakalar ina kallon ruwa ya ci na goma, ya ci na sha ɗaya, ya rine ya koma ja, yana tafe da rassan itatuwan da na sani a gindin duwatsu. Har wata kumburarriyar akuya ta wuce, na kuwa gane ta.

Da safe na ɗaure sauran kayana a ka na nufi bakin matakalar.

Sarkin Matakala ya tare ni. "Kin ji doka? Mutum ma idan ya sauka, na kogi ne."

"Na ji."

Ina so in ce muku na sauka kamar sarauniya. Da mazaunai na sauka, mataki ɗaya-ɗaya, idona a rufe, ina karanto duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Da na iso, Arzika ya buɗe baki, na ce, "Ɗaga ƙafarka." Na ɗaure gorunan nan shida a ƙarƙashin gadon, ƙulli uku-uku, don biyu suna iya kwancewa. Sannan na hau na zauna kusa da shi.

Da azahar ruwa ya taɓa ƙafarsa. Mutane a sama suka fara buga ganguna. Arzika ya dube ni yana murmushi, "Kin gani, Inna?" Bai rufe baki ba muka ji wani ruri daga sama kamar garken shanu dubu. Ruwa ya haye idon sawu, ya haye ƙwauri. Ganguna suka mutu. Na ga fuskar ɗana ta koma irin ta ranar da ya fara faɗawa a kududdufi yana shekara huɗu.

Gadon ya motsa, ya ɗaga, sannan ya karkata ta gefena. Gora shida na mutum ɗaya na tanada, ni kuma ba ƙaramar mace ba ce.

Arzika ya ce, "Inna, kayan nan!"

"Idan muka bukaci..."

"Inna!"

Dutsen niƙa ya fara tafiya. Tukunya ta bi, 'yar'uwarta ta bi. Maganin maciji, na kunama, na ciwon da ban san sunansa ba, duk na miƙa wa Baruma da hannuna, kowanne ina jin kamar haƙori ake cire mini. Muciya ce kaɗai na danne a ƙarƙashin cinya. Gadon ya daidaita.

Muka yi ta hawa. Sha uku, sha biyar, sha takwas. Masu mashi suka saita mu, amma Sarkin Matakala ya ɗaga hannu, don ba ƙafar da ta taka mataki. Ina rungume da wuyan Arzika na ce masa, "Ka yafe mini, ni na jawo. Kwana uku na yi ina sa matar nan kuka."

Ya ce, "Inna, damina ce ta yi ƙarfi a kan duwatsu. Ba ke ba ce." Sai ya juyo ya dube ni. "Kwana uku cur?"

"Ban ma gama ba."

A mataki na ashirin ruwa ya tsaya. Katangun biyu sun nutse, kogi ya zama shimfiɗa ɗaya. Jama'a suka zube suna dungure goshi a ƙasa, matan da suka kwashe hatsinsu suna nuna ni suna guɗa. Sarkin Matakala ya ɗaga murya ya ce, "Kogi ya goya su a bayansa! Tsohuwar nan ta san zuciyarsa tun kafin ya iso. Daga yau kujera tata ce, kowace shekara, har ta mutu. Uwa, miƙo hannu ki taka tudu."

Oh ni Marka! Ni da kullum nake cewa abu zai ɓaci, a ce in zauna a bakin ruwa in faɗi daidai inda zai tsaya?

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ka ce abin da ya sauka ba ya hawowa ba?"

Na zaro muciya, na dogara ta a jikin matakin, na tura da duk ƙarfin da na tara a shekara talatin na tuƙin tuwo. Gadon ya juya ya shiga kogi. Ba wanda ya bi mu, ba mai taɓa kayan ubangijinsu.

Mun yi ta juyi kamar ɓawon gyaɗa, ni ina ihu, Arzika yana tuƙi da muciya, har muka maƙale a cikin wasu ciyayi a ɗaya gaɓar. Muna nan sai ga jirgi ba kowa a ciki sai mai shi, yana haurowa a hankali ta gefen gaɓa. Dabbur ne ya dawo daga tsibiri. Ya jawo mu ciki, ya juya hancin jirgin sama, sannan a karon farko ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce, "Yanzu haurawa muke, ke mai rai ce, zan iya amsa miki. Kwana biyar ina riƙe da magana. Jirgi yana yoyo, wannan gaskiyarki ce. Amma ba na tari. Kuma matata tana ba ni abinci."

Garin Makoka kuwa ta bayan dutse muka zaga shi, ni da gyale ɗaure a baki, bisa shawarar Arzika.

Ranar da muka iso gida, Yaya Jatau ya dube ni daga ni sai muciya ya ce, "Ina kayan?" Na ce na ba wani wanda ya fi ni bukata.

To, nan jirgin hikayata ya gogi yashi. Wanda ya ji ƙari a ciki, laifin tsoro ne, shi yake sa abu ya yi girma a ido. Arzika yana nan, ya yi aure, yana rubuta hawan rafin garinmu a kan laka, manoma suna zuwa tambayarsa. Sai dai kafin ya faɗa musu komai, yakan zo ɗakina ya ce, "Inna, bana me kike tsoro?" Kuma da tabarmarsa yake zuwa, don ya san abin ba na tsaye ba ne.

Shekaranjiya na zaga bayan ɗakinsa na tarar ya yi shukar duma, irin mai manyan goruna.

Na ce, "Rami nawa ka yi?"

"Na gora shida, Inna."

"Idan ɗaya bai fito ba fa?"

Bai ko ɗago daga kan fartanyarsa ba ya ce, "Shi ya sa na shuka bakwai."